TANGARAN DA HAIDIROJIN KE RATSAWA: BINCIKEN SHEKARA 40 DA KE NEMAN SAUƘAƘA SAMUN LANTARKI DA TAKIN ZAMANI

A cikin shekarar 1981 wani masanin kimiyya na Jami'ar Tottori ta ƙasar Japan, mai suna Hiroyasu Iwahara, tare da abokan aikinsa uku, suka ba da sanarwar cewa sun gasa wani irin tangaran mai hali na ban mamaki. Idan tangaran ɗin ya yi zafi ƙwarai, aka kuma hura masa tururi ko iskar haidirojin, sai ƙwayoyin haidirojin su riƙa ratsa shi daga wannan fuska zuwa waccan, alhali kuwa ba shi da ko ƙanƙanuwar kafa da wata iska za ta bi ta wuce.

A lokacin ba a damu da sanarwar ba sosai a wajen ɗakunan bincike. Amma yanzu, bayan fiye da shekara 40, jami'o'i da kamfanoni a Japan, da Amurka, da Norwe, da Jamus, da Koriya ta Kudu, da Sin suna kashe kuɗi masu yawa a kan wannan tangaran, domin suna ganin zai iya rage tsadar samar da wutar lantarki daga iskar gas, da kuma tsadar samar da haidirojin mai tsabta.

Dalilin damuwa da haidirojin a fili yake. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 duniya ta yi amfani da kimanin tan miliyan 97 na wannan iska, galibi a matatun man fetur da masana'antun takin zamani. Kusan dukkanta daga iskar gas da kwal aka samo ta, kuma aikin samar da ita ya zuba fiye da tan miliyan 900 na iskar kabon dayoksaid a sararin sama. Saboda haka duk wata hanya da za ta sauƙaƙa wannan aiki ta shafi kuɗin buhun taki, ta kuma shafi ɗumamar yanayi.

ASALIN SUNAN

Masana suna kiran dangin wannan tangaran da suna ferobiskait. Sunan ya samo asali ne daga wani dutse da masanin ma'adinai Bajamushe, Gustav Rose, ya bayyana a shekarar 1839 daga duwatsun Ural na ƙasar Rasha, ya kuma sa masa sunan wani babban ma'aikacin gwamnatin Rasha mai sha'awar ma'adinai, watau Lev Perovski. Dutsen ya ƙunshi sinadarai uku: kalsiyam, da titaniyam, da oksijin.

Daga baya aka gano cewa abin da ya fi muhimmanci a dutsen shi ne tsarin da ƙwayoyin zarrarsa suka jeru. Mai karatu zai iya kwatanta shi da akwati mai kusurwa takwas. A kowace kusurwa akwai babbar ƙwayar ƙarfe, a tsakiyar akwatin akwai wata ƙwayar ƙarfe ƙarama, sa'an nan a tsakiyar kowace fuska ta akwatin, su shida, akwai ƙwayar oksijin. Irin waɗannan akwatuna ne suke jere, miliyoyi a kan miliyoyi, har su zama abin da ido zai gani.

Kyawun wannan tsari shi ne yana karɓar baƙi. Ana iya cire kalsiyam a sa bariyam ko sitirontiyam, a cire titaniyam a sa zirkoniyam ko seriyam, ginin bai rushe ba. Tun a shekarar 1926 masanin ƙasar Norwe, Victor Goldschmidt, ya fitar da lissafin da ke nuna girman ƙwayoyin da za su iya zama tare a cikin wannan tsari, kuma har yau ana amfani da lissafin nasa.

YADDA HAIDIROJIN KE SHIGA

Ƙwayar zarrar haidirojin ita ce mafi ƙarancin nauyi a cikin sinadarai duka. Abu biyu ta ƙunsa: furoton guda ɗaya a tsakiya, da ilektiron guda ɗaya mai kewaya shi. Ilektiron shi ne yake gudu a cikin waya ya ba da wutar lantarki. Idan aka raba haidirojin da ilektiron ɗinsa, abin da ya rage shi ne furoton, kuma wannan furoton ne yake ratsa tangaran ɗin.

Tangaran zalla, wanda ba a surka shi da kome ba, ba ya barin furoton ya shiga yadda ake bukata. Dole sai an yi masa surki. A tangaran na bariyam da zirkoniyam, alal misali, akan cire kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na zirkoniyam a maye gurbinsa da wani ƙarfe mai suna itiriyam. Da yake cajin itiriyam bai kai na zirkoniyam ba, sai ginin ya daidaita kansa ta hanyar sakin oksijin. A madadin kowace ƙwaya biyu ta itiriyam da aka sa, ƙwayar oksijin guda tana fita ta bar gurbi.

Wannan gurbi shi ne ƙofa. Idan tururi ya iso, sai ƙwayar ruwa ta rabu biyu. Oksijin ɗin ruwan ya cike gurbin riƙe da furoton guda, ɗaya furoton ɗin kuma ya manne wa wata oksijin da ke maƙwabtaka. Ta haka tangaran busasshe yake shan ruwa ba tare da ya jiƙe ba.

Tafiyar furoton kuwa tsalle ce. Yakan juya a jikin oksijin ɗin da yake riƙe da ita, idan ya fuskanci ta gaba sai ya saki wannan ya kama waccan, kamar yadda leburori suke miƙa bulo hannu da hannu a wurin gini. Ana kiran wannan tafiya da sunan Theodor von Grotthuss, wanda ya kawo irin wannan bayani a kan ruwa a shekarar 1806. Da yake furoton ƙarami ne ƙwarai, ƙarfin da yake bukata kafin ya yi tsalle kusan rabin wanda ƙwayar oksijin take bukata ne. Wannan shi ne tushen dukkan amfanin tangaran ɗin.

Akwai iyaka dai. Idan zafi ya haura digiri 600 zuwa 700 a ma'aunin Santigireti, tangaran yana fara sakin ruwan da ya sha, furoton ya ragu. Idan kuma zafin ya yi ƙasa ƙwarai, tsallen yana yin nawa. Saboda haka inda ya fi aiki shi ne tsakanin digiri 400 da 600.

BATIRIN DA BA YA MUTUWA MUDDIN ANA BA SHI MAI

Babban aikin da ake nufin wannan tangaran da shi shi ne batirin makamashi. Wani lauya ɗan Birtaniya, William Grove, shi ne ya nuna asalin dabarar a shekarar 1839, watau shekarar da aka bayyana dutsen ferobiskait. Bambancinsa da batirin rediyo ko na mota shi ne ba ya ajiye wuta. Yana samar da ita ne kai tsaye daga haidirojin da iska, babu harshen wuta, babu injin da ke juyawa, muddin ana ba shi mai.

Batirin yana da ɓangare uku: fuskar mai, da fuskar iska, da shamaki a tsakaninsu. A fuskar mai ake raba haidirojin da ilektiron ɗinsa. Furoton ya ratsa shamakin, ilektiron kuwa da ba shi da hanya ta nan, sai ya bi waya ya kunna fitila ko injin, su sake haɗuwa a fuskar iska tare da oksijin su zama ruwa.

Kafin wannan tangaran, batiran makamashi da aka fi sani iri biyu ne. Na farko yana da shamaki na roba, yana aiki a zafin digiri 80, shi ne ake sa wa motoci irin su Toyota Mirai da ta fito a shekarar 2014. Matsalarsa ita ce sai da filatinam, ƙarfe mai tsadar gaske, kuma sai da haidirojin mai tsabta ƙwarai. Na biyu yana da shamaki na tangaran zirkoniya wanda oksijin ke ratsawa. Wannan ba ya bukatar filatinam, amma yana aiki ne a zafin digiri 700 zuwa 1,000, zafin da ke cinye ƙarfe, ya fasa abin liƙi, ya kuma gajarta kwanan na'ura.

Tangaran mai ratsuwar furoton ya faɗo a tsakiya. Zafinsa ya isa a yi amfani da nikel maimakon filatinam, amma bai kai wanda zai hana amfani da baƙin ƙarfe marar tsatsa mai sauƙin kuɗi ba. Daɗin daɗawa, ruwan da batirin ke haifarwa yana fitowa ne a fuskar iska, saboda haka ba ya surka man da ke ɗaya fuskar. Idan kuma aka juya aikin, aka ba na'urar wutar lantarki da tururi, sai ta raba ruwan ta fitar da busasshiyar haidirojin.

YADDA AKE HAƊA SHI

Hanyar da aka fi daɗewa ana bi ba ta da nisa da aikin maginan tukwane, sai dai awo da tsabta. Akan auna garin sinadaran bariyam, da zirkoniyam, da itiriyam daidai da lissafi, a zuba su a injin niƙa mai ƙwallaye su yi sa'o'i da yawa suna gauraya. Daga nan a sa garin a tanderu mai zafin digiri 1,100 zuwa 1,300 domin sinadaran su haɗu su zama ferobiskait. Sai a sake niƙawa, a matse garin a ƙarƙashin nauyi ya zama faifai kamar kwabo, a mai da shi tanderu domin gashi na ƙarshe, wanda zai sa ƙwayoyin garin su manne da juna su toshe duk wata kafa. Ana son faifan ya cika aƙalla kashi 95 cikin 100 na cikar da lissafi ya nuna, in ba haka ba iska za ta yoyo.

Akwai kuma hanyoyin ruwa. A ɗaya daga cikinsu, wadda Maggio Pechini ya yi wa rajista a Amurka a shekarar 1967, ana narkar da gishirin ƙarafan a ruwa tare da asid irin na lemun tsami, a dafa har ya yi kauri kamar ƙaro, sa'an nan a ƙone shi. Garin da ake samu ta haka ya fi laushi nesa ba kusa ba, kuma ƙarafan sun fi gauraya, saboda haka ba ya bukatar zafi mai yawa kafin ya zama ferobiskait.

A na'urar gaske ba a amfani da faifai mai kauri. Ana shimfiɗa shamakin ne a kan fuskar mai, kaurinsa kimanin maikiromita 10 zuwa 20, watau bai kai kaurin silin gashin mutum ba. Gwargwadon sirantarsa, gwargwadon sauƙin da furoton ke samu wajen ratsawa.

YADDA AKE GWADA SHI

Bayan gashi, abu na farko shi ne a haska tangaran da hasken eksire domin a tabbatar ƙwayoyin sun jeru bisa tsarin ferobiskait, babu wani baƙon sinadari. Sai a duba shi da madubin ƙara girma na lantarki a ga girman tsabar da ke cikinsa, domin tangaran tarin tsaba ne ƙanana da suka manne da juna.

Daga nan a shafa azurfa ko filatinam a fuskokinsa biyu, a sa shi a tanderu mai tururi, a tura masa ƙaramar wutar lantarki mai kai da komowa, ana sauya saurinta daga mai nawa zuwa mai gaggawa. Amsar da tangaran ya bayar a kowane sauri tana nuna inda furoton yake samun cikas: a cikin tsabar ne, ko a kan iyakokinta, ko a fuskokin. Ma'aunin da masana suka ɗauka a matsayin mafi ƙarancin abin da ake bukata shi ne 0.01 na simens a kowace santimita. Tangaran zirkoniya ba ya kai wannan sai a wajen digiri 700, amma nagartaccen tangaran mai ratsuwar furoton yana kaiwa tun daga digiri 500 zuwa 600.

Domin a tabbatar furoton ne yake ɗauke da wutar, akan sauya tururin ruwan yau da kullum da na ruwa mai nauyi, wanda haidirojin ɗinsa ya ninka na kullum nauyi. Idan wutar ta ragu, to an kama mai tafiyar.

GABA KURA, BAYA SIYAKI

Tangaran farko na Iwahara na sitirontiyam ne da seriyam, da surkin kashi 5 cikin 100 na itabiyam. A shekarar 1988 ya nuna cewa na bariyam da seriyam ya fi shi. Amma wannan yana da babban aibi: idan ya haɗu da iskar kabon dayoksaid, ko tururi mai yawa, sai ya ruɓe ya zama gari. Na'urar da za ta yi aiki da iskar gas kuwa ba ta da makawa sai ta haɗu da waɗannan biyun.

Na bariyam da zirkoniyam ba ya ruɓewa, amma an daɗe ana ɗauka cewa ba ya barin furoton ya wuce sosai. Klaus-Dieter Kreuer na Cibiyar Max Planck da ke Stuttgart a Jamus shi ne ya nuna, daga ƙarshen shekarun 1990, cewa a cikin tsabar furoton yana gudu ƙwarai, cikas ɗin yana kan iyakokin tsabar ne. Bincike na baya ya bayyana cewa iyakokin suna ɗauke da caji irin na furoton, saboda haka suna korar sa.

Maganin shi ne a samu tsaba manya, iyakoki su ragu. Sai dai wannan tangaran yana da taurin kai. Ba ya narkewa sai a wajen digiri 2,600, kuma gashinsa yana bukatar digiri 1,600 zuwa 1,700 na tsawon sa'o'i. A wannan zafi bariyam yana tashi ya bar tangaran, lissafin da aka auna ya ɓaci. Shi ya sa masu bincike sukan binne faifan a cikin garin irinsa kafin su gasa.

Hanyoyi biyu aka bi aka rage wannan matsala. Ta farko ita ce ƙara ɗan wani sinadari mai taimakon gashi. A shekarar 2005 Farfesa Sossina Haile, haifaffiyar ƙasar Habasha wadda a lokacin take koyarwa a Caltech ta Amurka, tare da ɗalibinta Peter Babilo, suka nuna cewa ɗan garin tutiya yana sauko da zafin gashin zuwa digiri 1,300. A shekarar 2010 kuma Jianhua Tong da Ryan O'Hayre na Makarantar Ma'adinai ta Kolorado suka nuna cewa idan aka ƙara ɗan garin nikel, ana iya haɗa sinadaran a kuma gasa su a shiga ɗaya cikin tanderu. Sai dai taimakon yana da farashi, domin nikel ɗin da ya shige tangaran yana rage yawan furoton ɗin da zai iya ɗauka.

Hanya ta biyu ita ce a haɗa zirkoniyam da seriyam a tangaran guda, a samu juriyar wannan da saurin wancan. Ƙungiyar Farfesa Meilin Liu ta Georgia Tech ta fitar da irin wannan haɗi a shekarar 2006, ta kuma inganta shi a shekarar 2009 da ƙarin itabiyam. Dangin wannan haɗi ne yawancin ɗakunan bincike suke aiki da su yanzu.

ABIN DA AKA CIM MA

Amfani na farko da ya shiga kasuwa ƙarami ne. A farkon shekarun 1990 kamfanin TYK na Japan ya fara sayar da na'urar auna haidirojin a cikin narkakken alminiyam, wadda aka yi da tangaran na kalsiyam da zirkoniyam da indiyam. Masu zubin ƙarfe suna bukatar wannan awo domin haidirojin yana barin ƙananan ramuka a cikin zubi, ya rage masa ƙarfi.

A shekarar 1998 George Marnellos da Michael Stoukides na Jami'ar Aristotle da ke Tasalonika a ƙasar Girka suka yi amfani da irin tangaran Iwahara suka haɗa amoniya, uwar takin yuriya, a zafin digiri 570 ba tare da matsin iska ba. Masana'antu suna yin wannan aiki ne da matsin da ya ninka na sararin sama sau 150 ko fiye. Abin da gwajin ya samar kaɗan ne ƙwarai, kuma har yanzu hanyar ba ta kai ta yi gogayya da masana'antu ba.

A fannin lantarki kuwa, ƙungiyar Kolorado ta ba da rahoto a shekarar 2015 cewa batirinta ya ba da miliwat 455 a kowane murabba'in santimita a zafin digiri 500 da haidirojin, da miliwat 142 da iskar gas ta mitan. A shekarar 2018 ta gwada batiran da mai iri 11, ciki har da iskar gas, da amoniya, da barasa, na fiye da sa'a 6,000, ta kuma tarar ba su toshe da kunkunniya ba, farar wuta ma ba ta kashe su ba.

A Norwe, inda Farfesa Truls Norby na Jami'ar Oslo ya shafe shekaru a kan wannan fanni, kamfanin CoorsTek Membrane Sciences da abokan aikinsa na Oslo da Balensiya ta Sifen sun nuna a shekarar 2017 cewa bututun tangaran guda zai iya cire haidirojin daga iskar gas, ya tace ta, ya kuma matse ta a lokaci ɗaya. A shekarar 2022 suka haɗa irin waɗannan bututu 36 a na'ura guda wadda ta kwaso fiye da kashi 99 cikin 100 na haidirojin ɗin.

SAURAN AIKI

Duk da haka tangaran bai kai matsayin na zirkoniya a kasuwa ba. Yawancin sakamakon da ake yabawa an same shi ne a kan faifai da bai wuce kwabo ba, kuma yin faranti mai faɗi, siriri, wanda ba zai lanƙwashe ko ya tsage a tanderu ba, aiki ne dabam. Tangaran yana ɗan kumbura idan ya sha ruwa, ya tsuke idan ya saki, wannan kuwa yana iya fasa shi. Har wa yau, lokacin da ake raba ruwa da shi, wani kashi na wutar yana sulalewa ta cikinsa a banza. Fuskar iska ma tana da nawa a ƙaramin zafi, ko da yake a shekarar 2022 masu bincike na cibiyar Idaho ta Amurka sun nuna cewa wanke shamakin da asid kafin a manna fuskar yana ƙara mata ƙarfi sosai.

Akwai kuma batun kayan haɗi. Bariyam daga dutsen barait ake samunsa, irin wanda ake haƙa a Azara ta Jihar Nasarawa, ana kuma amfani da shi wajen haƙar rijiyoyin man fetur. Zirkoniyam daga yashin zakon yake fitowa, seriyam kuma daga monazait, kuma duka biyun suna cikin tarin ƙasar da haƙar kuza ta bari a tsaunin Jos. Sai dai tangaran yana bukatar waɗannan sinadarai a tace su tas, kuma tace seriyam da itiriyam da danginsu aiki ne da ƙasar Sin ta fi kowa rinjaye a kansa. Ƙasar da ta tsaya ga sayar da ɗanyen dutse, kaɗan take samu daga kuɗin da tataccen garinsa yake kawowa.

Ga ɗaliban kimiyya da ma'aikatan da ke tsara manufofin ma'adinai da makamashi, tarihin wannan tangaran yana nuna irin lokacin da bincike yake ci. Daga sanarwar Tottori ta 1981 zuwa na'urar Oslo ta 2022 shekara 41 ne, kuma yawancin ci gaban da aka samu a tsakani ya fito ne daga auna gari daidai, da sarrafa zafin tanderu, da gwada faifai ɗaya bayan ɗaya.